Fuskar Muttaka, Hannun Bilya

Ƙanƙara,
21 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗana Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Gwiwar nan tawa tana nan da halinta idan an yi ruwa, amma ba ta hana ni zuwa makaranta ba. Ran Asabar na leƙa Damari. Matarka Shafa'atu lafiya lau, cikin ya fito sosai. Ta ce in gaya maka takalmin da ka aiko bai shiga ƙafarta ba, wai ko ka manta ƙafar mai ciki kumbura take.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda. Tun da gwamnati ta katse layin waya a nan da Faskari da Sabuwa saboda 'yan bindiga, wayoyinmu sun koma fitila. Jabiru, direban da ke kai hatsi Zuba, ya yarda zai riƙa ɗaukar mana saƙo. Ni kam wani ɓangare na raina murna yake: shekara uku ina koya maka rubutun wasiƙa a aji, yau zan ga ko ya zauna.

Wanda ya miƙa maka takardar nan shi ne Bilya, ɗan Dada ta Mairuwa. Ba ka san shi sosai ba, amma kakarsa da kakarka ɗaki ɗaya suka fito, ni kuma yaya nake ce wa Dada. Ya iya mota, shekara biyar yana jigila tsakanin Faskari da Funtuwa. A harin da aka kai musu da damina ɗakinsu ya ƙone, lasinsa da duk takardunsa suka tafi. Babansa Mamuda ya daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne namiji a wurin Dada. Da ƙafarta ta zo har nan, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, ka fitar mini da shi daga dajin nan." Don haka ka riƙe shi yadda na riƙe ka. Duk ƙofar da ta buɗe maka, ka shigar da shi.

Sai wata tambaya ta malamai. Na ji a rediyo direbobin da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, irinku ke nan, suna neman gwamnati ta kafa wa kamfanonin doka. Ɗalibaina na ajin ƙarshe za su yi muhawara a kan wannan, kuma na yi musu alfahari cewa ina da ɗa a cikin sana'ar. Ka rubuto mana yadda abin yake, kada ka ba ni kunya.

Babanka,
Malam Muhammad Awwal

*

Gwagwa, Abuja,
3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Baba Malam,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zama. A gaya wa Shafa'atu ta ajiye takalmin, ƙafar za ta dawo. In ka ga kuskure a rubutuna kada ka sa jan biro, na girma.

Bilya ya iso lafiya, kuma a kwana uku ya ga bayan garin kwakin da na tanada na wata guda. Yaron kirki ne, ga ban dariya.

Ga amsar ɗalibanka. Mu ba mu da ogan da za ka durƙusa ka gaishe shi. Waya ce ke kira, ka karɓa ko ka ƙi. In ka cika ƙi, sai ta daina kiranka. Fasinja in ya sauka sai ya ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ko da kuwa fushin da ya kwaso daga gida ne ya sauke maka. Wani abokina Bayarabe shekara huɗu yana aikin nan, wata mata ta ce ya zage ta, da safe ya tashi ya ga an rufe masa akawun. Ya nemi wanda zai ji ta bakinsa, babu. Saƙo kawai ake turo masa, iri ɗaya kullum. Irin su ne suka kafa ƙungiya, suna cewa a tilasta wa kamfani ya buɗe ofis mai mutum a ciki, ya yi wa direba inshora, kuma kada a kori kowa sai an saurare shi.

Maganarsu gaskiya ce, amma ni ban sa hannu ba. Baba, doka in ta zo, da neman takarda take zuwa. Ranar da aka kafa ta, wanda za a fara tarewa a hanya ba mai kamfani ba ne, irin su Bilya ne. Kuma gwamnatin da ta rufe layi don ta kama ɓarawo, ta bar ni wata guda ban ji muryar matata ba, ita zan gayyato cikin motata?

Maganar Bilya kuwa, na yi yadda ka ce. Kamfani ba ya rajistar wanda ba shi da lasin da katin ɗan ƙasa, ƙofa ɗaya ce ta buɗe mini, ita na shigar da shi. Yana tuƙi da akawun ɗina. Ni daga asuba zuwa azahar, shi daga nan zuwa isha. Sunana da hotona fasinja ke gani a waya, amma in ya sa hula da takunkumin fuska, ba mai bambance mu. Wani lokaci manhajar takan ce sai an nuna mata fuska, sai ya garzayo gida, in leƙa ta tagar mota ta gan ni, ya wuce. Rabin direbobin unguwarmu haka suke yi.

Matsala ɗaya ce: fasinja ya yi ta kiran "Muttaka, Muttaka," shi kuwa gogan ya manta da shi ake. Duk da haka taurarina sun ƙaru tun zuwansa. Wai shi ya fi ni iya zama Muttaka.

A gaishe da Dada, a ce mata ɗanta har ya fara ƙiba.

Ɗanka,
Muttaka

*

Ƙanƙara,
11 ga Oktoba, 2021

Ɗana Muttaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Shafa'atu ma haka. Rubutunka ya yi kyau, ban taɓa jan biro ba. Amma na karanta ƙarshen takardar sau uku.

Ba haka nake nufi ba. Da na ce ka shigar da shi ƙofar da ta buɗe maka, wurin kwana nake nufi, da sanin mutane, ko wankin mota ne ya fara da shi kafin takardunsa su fito. Laifina ne da ban fayyace ba, na rubuta kamar ina jawabi a taron ɗalibai. Ka dubi abin da kyau. In wani abu ya faru da motar nan yana ciki, wa za a ce yana tuƙi? In ya yi kuskure, kai za a kama. In shi aka cuta, ba shi da bakin magana, don a wurinsu babu shi. Don Allah ka karɓe wayar daga hannunsa yau.

Ina bin takardunsa. Sau biyu ina zuwa Faskari. Takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma sai da sa hannun mai gari, shi kuma ya yi ƙaura zuwa Funtuwa tun bayan harin. Masu katin ɗan ƙasa na zaune a ofis suna kallon na'ura, babu sabis. A nan kam na tuna da maganarka, na yi dariyar da ba ta daɗi.

An yi muhawarar. Na karanta musu takardarka, ban da maganar Bilya. Hafiza ta tsaya a kan a yi doka. Ta ce duk wanda zai iya raba mutum da abincinsa, dole a samu inda za a kai ƙararsa. Sumayya ta ƙi. Babanta ɗan acaɓa ne, an ƙwace babur ɗinsa a dokar hana hawa, har yau suna zaune. Tana cikin magana muryarta ta karye. Na ba Hafiza nasara da maki biyu, kuma har yanzu ina ganin ita ce da gaskiya, amma ban ji daɗin abincina ba ranar.

Ka amsa mini da wuri cewa ka karɓe wayar.

Babanka,
Malam Muhammad Awwal

*

Damari,
9 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga ɗana Bilya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya jiƙan Muttaka, ya sa ya huta, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Labarin ya zo mana ran Juma'a. Wani ɗan kasuwa daga Sabuwa ya je Zariya, ya kunna wayarsa, ya ga direbobin Abuja suna ta yaɗa hoton Muttaka da sunansa, irin wanda ke fitowa a manhajarku. An rubuta tirela ta bi ta kan motarsa a hanyar Zuba ran Laraba da la'asar. Ya nuna mini da idona. Hoton da Muttaka ya ɗauka ne da hular da na ba shi ranar aurensa.

Ni na gaya wa Shafa'atu. Ba zan rubuta maka yadda aka yi ba. Ta shiga takaba, ga ciki wata bakwai. An yi addu'ar uku, mutane sun zo har daga Ƙanƙara duk da halin hanya.

Mahaifiyarka ta zo tun ran Asabar, a bayan motar itace. Ita ke dafa wa masu gaisuwa abinci, ita ke kwana da Shafa'atu, ta ce ba za ta koma Mairuwa ba sai yarinyar ta haihu. Kullum tana cewa, "Yaron da ya riƙe mini ɗa, mi zan yi in biya shi?" Ga ƙullin ƙuli-ƙuli ta ba Jabiru ya kawo maka. Ta ce ka ci abinci, kada ka zauna kai kaɗai a ɗakin, kuma in ka sallami mai motar da Muttaka ke ja ka dawo gida ta gan ka.

Akwai takardar da na rubuta wa marigayi tun watan jiya. Sai yau Jabiru ya gaya mini motarsa ta yi sati uku a gareji a Funtuwa, takardar tana cikinta. Na ce ya haɗa maka da wannan. Ka karanta in ka so, ba ta da sauran amfani.

Ka rubuto mana wanda ya yi masa wanka, da inda aka binne shi. Shafa'atu tana ta tambaya. Shirunka yana damuna, amma na san kai kaɗai ne a kan komai a can.

Babanka,
Malam Muhammad Awwal

*

Gwagwa, Abuja,
16 ga Nuwamba, 2021

Baba Malam,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka ci gaba. Ni ne Muttaka. Ina da rai, lafiyata lau. Bilya ne ya rasu.

Jiya Jabiru ya shigo gidanmu da takardu biyu da ƙullin ƙuli-ƙuli. Da ya gan ni sai ya saki kayan, ya dafa bango yana salati. Na buɗe takardar da ka rubuta wa Bilya, don babu mai buɗe ta sai ni. Na karanta ta'aziyyata. Sannan na karanta ɗayar, wadda ka ce in karɓe wayar yau. Baba, da ta zo a kan lokaci ban san ko zan karɓe ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Ran Laraba da azahar na miƙa masa makulli. Ya ce in ajiye masa tuwo. Da la'asar birkin tirela ya tsinke a gangara, ta haɗa da motoci uku. Ba laifinsa ba ne ko kaɗan. Fasinjan da ke baya ya karye amma ya rayu, shi ya nuna wa jami'ai wayarsa: ga direba, ga suna, ga hoto. Haka aka rubuta a asibiti, haka direbobi suka yaɗa.

Da na ji, na ruga caji ofis na ce ni ne Muttaka, wanda ya mutu ɗan'uwana ne. Sai suka ce to in ni ne Muttaka, in yi bayanin yadda wani ya shiga motar mutane da sunana. Kwana tara na yi a tsare. Ba wanda ya san ina can balle ya aiko gida. 'Yan ƙungiyar nan da na ƙi sa wa hannu, su suka gano ni, suka yi belina.

Duk kwanakin nan Bilya yana ɗakin ajiye gawa, da sunana ɗaure a ƙafarsa. Sai da limamin unguwarmu da mutum huɗu suka yi shaida kafin a ba mu shi. Ni na yi masa wanka da hannuna. Mun binne shi ran Asabar da hantsi a maƙabartar Gwagwa, sahu uku, yawanci direbobi. Amma rajistar asibiti ba su gyara ba. Sun ce sai na kawo takardar hukuma mai nuna akwai wani mutum Bilya.

Na rubuta wa kamfani. Amsa ta zo cikin minti ɗaya: an rufe akawun ɗina har abada saboda na karya ƙa'ida. Shi fasinjan, sun kula da asibitinsa. Na sake rubutawa na ce mutum ya mutu yana yi muku aiki, sati shida, taurari biyar. Amsar farko suka sake turowa.

Ba zan iya zuwa ba, sharaɗin beli ya hana ni barin gari. Ko da bai hana ba, ban san da wace fuska zan shiga gidan da Dada ke dafa abincin makokina ba. Baba, kai za ka faɗa musu. Ka yafe mini da na ɗora maka. Ƙuli-ƙulin yana nan, na kasa taɓawa.

Ɗanka,
Muttaka

*

Damari,
22 ga Nuwamba, 2021

Ɗana Muttaka,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ranka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un da Bilya. Ban taɓa rubuta waɗannan biyun a layi ɗaya ba. Jikina lafiya, Shafa'atu lafiya, Dada tana tsaye da ƙafafunta.

Jabiru ya kawo mini takardarka a makaranta ran Alhamis. Na bar aji ban sallami yara ba. Duk hanyar Damari ina shirya magana, ni da na shekara talatin ina koya wa mutane yadda ake jera ta, na isa ban samu ko jimla ɗaya ba.

Na same su a tsakar gida. Shafa'atu na kan tabarma, kanta ba kitso. Dada na tankaɗe a gefenta. Na yi niyyar in ja Dada gefe, amma tana ganina ta ajiye rariya ta ce, "Malam, takardar Bilya ce? Karanta muna nan, ita ma ta ji inda aka sa mijinta."

Na ce, "Yaya, Muttaka ne ya rubuto."

Shafa'atu ta ɗago kai. Na ga abin ya shiga idonta, ta buɗe baki, sai ta dubi Dada, ta sa hannu biyu ta toshe bakin. Dada ta fi ta saurin ganewa. Ta ce, "In Muttaka ya rubuto, wa ke cikin motar?" Ta dubi fuskata. Ta ce, "To."

Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Sannan ta yi tambayar da na yi maka: wa ya yi masa wanka? Na ce kai, da hannunka. Ta ce an samu mutane? Na ce sahu uku. Na fara cewa laifina ne, ni na rubuta maganar da ta jawo haka. Ta ce, "Ni na riƙe maka riga, Malam. Bari."

Wata maƙwabciya ta ce ai sai a sake addu'ar uku da ta bakwai, tunda da sunan wani aka yi. Dada ta ce, "Ku kuka yi kuskuren suna. Wanda aka roƙa ya san mai ita." Daga nan ta juya ga Shafa'atu ta ce, "Tashi, ɗiyata, ki wanke kai a yi miki kitso, mijinki na da rai. Kada ki ɓoye murnarki don ni." Da yarinyar ta tashi, sai Dada ta zauna a kan tabarmar, daidai inda ta tashi. A nan ne ta yi kuka. Har yau a nan ake zuwa yi mata gaisuwa. Ta ce maganar zama sai an haihu tana nan. Ta ce kuma ka ci ƙuli-ƙulin, don wanda ke ɗakin ta yi shi.

Na gaya wa ɗalibaina abin da ya faru. Hafiza ta tambaye ni ko da akwai doka da Bilya bai mutu ba. Na ce ban sani ba, doka ba ta riƙe birkin tirela. Mai yiwuwa ma, yadda ka faɗa, da ita za ta fara koro shi gida. Na yi saurin raba maki ran nan. Abin da na tsaya a kai yanzu kaɗan ne. Kamfanin ya san mutum biyu ke tuƙa mota ɗaya a rabin unguwarku, ya ci moriyar hannun Bilya sati shida, ranar da ya faɗi ya ce bai san shi ba. Ba mai hana shi faɗin haka sai an tilasta masa. In za ka sa hannu a takardar ƙungiya, ka ce su ƙara wannan: a buɗe wa mai jiran takardunsa hanyar yin rajista da sunansa, kuma duk wanda ya riƙe sitiyari a san shi. In ba su ƙara ba, Sumayya ce da gaskiya, kai ma haka.

Ka duba cikin ambulan. Mai garin ya sa hannu, takardar shaidar Bilya ta fito ran Litinin ɗin da ta wuce, kwana biyu bayan kun binne shi. Na nuna wa Dada, ta shafa hoton, ta ce in aiko maka. Ka kai asibitin. Kada ka bar musu ita ka tafi, kada ka yarda da "dawo gobe." Ka tsaya a gaban mai rajistar har ya soke naka ya rubuta nasa, ka karanta da idonka: Bilyaminu Mamuda Mairuwa.

Babanka,
Malam Muhammad Awwal